An yi gudun gara: ƙibar yara da abin da ya faru a ƙasar Chile

Duk wanda ya tashi yin maganar ƙibar yara a gaban Bahaushe a wannan zamani, sai ya shirya wa kallon da za a yi masa. Cibiyoyin jinyar tamowa a Katsina da Maiduguri da Maraɗi ba su rabuwa da cika, musamman a tsakiyar damina kafin sabon hatsi ya shigo. Binciken lafiya na ƙasa da aka yi a Najeriya a 2018 ya nuna kashi 37 cikin ɗari na yara 'yan ƙasa da shekara biyar sun tsumbure, wato tsawonsu bai kai na shekarunsu ba, kuma a Arewa maso Yamma adadin ya kai kashi 57. A irin wannan wuri maganar ƙiba kan yi kama da iyayin wanda ya ƙoshi. Na fahimci wannan kallo, amma ban yarda da shi ba. Ra'ayina shi ne yunwar da muke fama da ita yau ita ce ke share wa ƙibar gobe hanya, kuma akwai ƙasar da ta bi wannan hanya tun daga farkonta har ƙarshe a idon mutanen da har yanzu suna raye.

A watan Satumban 2025 Asusun Kula da Yara na Majalisar Ɗinkin Duniya, UNICEF, ya fitar da rahoton da ya ce a karon farko yara masu ƙiba sun fi masu rama yawa a duniya, a tsakanin 'yan shekara 5 zuwa 19. Masu ƙibar sun kai kashi 9.4 cikin ɗari, kimanin yara miliyan 188, masu ramar kuma kashi 9.2. A shekarar 2000 masu ƙibar kashi 3 ne kacal, masu rama kusan kashi 13. Yankuna biyu ne kawai ba su kai ga wannan juyi ba tukuna: Kudancin Asiya da namu, Afirka kudu da Sahara. A nan ya kamata a faɗi abin da ake nufi da ƙiba, domin ba kumatu ko cikar jiki ake magana ba. Ana auna nauyin yaro da tsawonsa, a fitar da lissafin da ake kira BMI, sannan a gwada shi da ma'aunin Hukumar Lafiya ta Duniya na yara masu shekarunsa da jinsinsa. Wanda ya haura mataki na farko nauyinsa ya wuce kima. Wanda ya haura na biyu shi ne mai ƙiba a ma'anar likita, wato kitsen jikinsa ya kai inda yake yi wa lafiya lahani.

A cikin ƙasashen da rahoton ya ambata, wasu tsibiran tekun Pasifik ne a sama, irin su Niue da Nauru, inda yaro ɗaya cikin uku ko fiye yake da ƙiba. Amurka da Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa suna da kashi 21 kowacce. Chile, wata siririyar ƙasa da ke kwance a gaɓar yammacin Kudancin Amurka, tana da kashi 27. Ita ce ta fi jan hankalina, saboda inda ta fito.

A farkon shekarun 1960 Chile ƙasar yunwa ce. Cikin jarirai dubu da aka haifa, fiye da ɗari ba su kai shekara guda ba, kuma tamowa ruwan dare ce a unguwannin talakawan Santiago, babban birnin ƙasar. Suka tashi tsaye a kanta. Gwamnatoci masu aƙidu mabambanta suka riƙe shirin raba madara ga yara da masu juna biyu ta hanyar ƙananan asibitoci. Shugaba Salvador Allende, wanda shi kansa likita ne, ya shahara da alƙawarin rabin litar madara ga kowane yaro a kullum. A tsakiyar shekarun 1970 wani likitan yara, Fernando Mönckeberg, ya kafa cibiyoyin farfaɗo da jarirai masu tamowa a sassan ƙasar. Aka ja ruwan famfo, aka gyara magudanai, aka ciyar da ɗalibai a makaranta. Kafin ƙarshen shekarun 1980 tamowa ta kusa zama labari. Nasara ce babba, kuma duk wanda ya taɓa shiga ɗakin jinyar tamowa ya san girmanta.

Sai dai an yi gudun gara an faɗa gidan zago. A daidai lokacin da yunwa ke janyewa, tattalin arzikin ƙasar ya buɗe, albashi ya ƙaru, manyan kantuna suka cika birane, talabijin ta shiga kowane gida da tallace-tallacenta. Iyayen da suka tashi da tsoron rama suka ɗauki kumatun yaro a matsayin shaidar cewa sun fita kunya. Shirye-shiryen ciyarwar da aka tsara domin ƙara wa yaro nauyi suka daɗe suna aikinsu bayan buƙatar ta sauya. Zuwa tsakiyar shekarun 2010 mutanen Chile suna sahun gaba a duniya wajen sayen lemon kwalba, kuma awon da hukumar ciyar da ɗalibai ke yi duk shekara ya riƙa nuna cewa wajen rabin yaran da aka auna nauyinsu ya wuce kima. Tsakanin wancan hali da wannan, tazarar ba ta wuce ta kaka da jika ba.

Akwai dalili a cikin jiki kansa da ya sa ƙasar da ta fito daga yunwa ta fi saurin faɗawa wannan rami, kuma shi ne abin da ya fi shafar mu. A hunturun 1944 zuwa 1945, gab da ƙarshen Yaƙin Duniya na Biyu, sojojin Jamus sun datse hanyoyin abinci zuwa yammacin Holan, mutane suka shiga matsananciyar yunwa ta wasu watanni. Da yake ƙasa ce mai ajiye bayanai, an iya bin sawun jariran da suke ciki a lokacin. A 1976 aka wallafa binciken da ya duba samari kimanin dubu 300 da aka auna lokacin ɗaukar soja suna da shekara 19. Waɗanda yunwar ta riski iyayensu mata a rabin farko na goyon ciki sun fi tsaransu yawan ƙiba. Daga baya masanin Ingila David Barker da abokin aikinsa Nicholas Hales suka bayyana abin a 1992: jikin da ya ginu cikin ƙarancin abinci yakan tsara kansa domin rayuwar ƙaranci, ya taƙaita ginin tsoka da wasu gaɓoɓi, ya koyi tattalin duk abin da ya samu. Idan wannan jiki ya wayi gari cikin yalwar sukari da mai, tattalin da ya cece shi a jiya shi ke kai shi ga ciwon sukari da hawan jini da wuri.

Mai karatu ya ɗora wannan a kan kashi 57 ɗin nan na Arewa maso Yamma. Yaron da ya tsumbure a ƙauyen Jigawa ko Zamfara ba a ƙauyen zai ƙare rayuwarsa ba. Zai shigo Kano ko Kaduna ko Abuja, inda abin da ya fi araha kuma ya fi kusa da hannu shi ne fulawa da mai da sukari. Ba sai ya yi arziki ba. A tsakiyar 2024 hauhawar farashin abinci a Najeriya ta haura kashi 40 cikin ɗari, kuma kowace uwar gida ta san abin da ya fara fita daga tukunya: nama, ƙwai, kifi, wake, 'ya'yan itace. Abin da ya rage shi ne abin da ke cika ciki ba ya gina jiki. Shi ya sa a gida ɗaya za ka iya samun uwa mai teɓa da ƙarancin jini, da ɗanta na goye mai tamowa, dukkansu daga tukunya guda suke ci.

A yanzu dai ƙibar a wajenmu ta fi bayyana a 'ya'yan masu hali, wato 'ya'yan masu karanta wannan rubutu. Haka ta fara a Chile da Birazil da Meziko kafin ta gangara zuwa gidajen talakawa ta zauna a can. Don haka yana da kyau mu dubi yinin ɗan ma'aikaci a birni. Da safe shayi ne mai cokali uku na sukari da madarar gwangwani, da burodi. A jakarsa akwai biskit da ɗan kwalin lemo mai hoton 'ya'yan itace, wanda yawancinsa ruwa ne da sukari. Mota ko a-daidaita-sahu ta ɗauke shi daga ƙofar gida ta ajiye shi a ƙofar makaranta. Makarantar kuwa, sau da yawa, gidan haya ne da aka mayar da ɗakunansa azuzuwa, babu filin da za a buga ƙwallo, tsakar gidan ma an shafe ta da siminti an ajiye janareto. Kuɗin tara ya tafi a kan alewa da cincin da wata kwalbar lemon. Ya dawo ya ci taliyar leda, ya wuce Islamiyya, daga nan lesin, da dare kuma waya ko talabijin har barci ya kwashe shi a makare. Babu wanda ya yi wa yaron nan mugunta a cikin wannan yini. Kowane mataki iyaye ne suka ɗauka don ƙauna ko don tsoro, kuma tsoron yana da hujja, domin wanda ya ga yadda satar yara ta zama sana'a ba zai ce wa ɗansa ya je dandali ya yi langa har bayan isha'i ba. Amma sakamakon shi ne langa da ɓuya da 'yar gala-gala da gaɗa sun fita daga rayuwar yaran birni, ba a kuwa sa komai a gurbinsu ba.

Hukumar Lafiya ta Duniya tana so kowane yaro ya samu awa guda ta motsa jiki a kullum. Binciken da ta wallafa a 2019 ya nuna kashi 81 cikin ɗari na 'yan shekara 11 zuwa 17 a duniya ba su samun haka, kuma 'yan mata sun fi shiga matsalar, kashi 85 a kan 78 na maza. A wajenmu ba a buƙatar dogon bincike kafin a gane dalili: yarinya tana fara girma ake janye ta daga duk wani wasa mai gudu, kuma makarantu kaɗan ne suka tanadar wa 'yan mata keɓantaccen wurin da za su motsa ba tare da an ce sun yi rashin kamun kai ba.

Duk da haka ba na so a ɗora nauyin duka a kan rashin motsi, domin wannan ita ce maganar da masu sayar da kayan zaƙi suka fi son ji. Kwalbar lemo ta rabin lita tana ɗauke da sukari kimanin giram 50, wato cokalin shayi goma sha biyu. Shawarar Hukumar Lafiya ita ce sukarin da ake ƙarawa a abinci kada ya kai kashi 10 cikin ɗari na ƙarfin da mutum ke samu a yini, kuma ya fi kyau a tsaya a ƙasa da kashi 5, kimanin cokali shida ga babba. Kafin yaro ɗan firamare ya ƙone abin da ke cikin kwalba ɗaya sai ya yi tafiyar fiye da awa guda, alhali ya shanye ta cikin minti uku, kuma ba ta hana shi jin yunwa ba, domin jiki ba ya lissafa abin sha yadda yake lissafa tuwo.

Akwai kuma gwajin da ya sauya tunanin masana da yawa. A 2019 Kevin Hall na Cibiyoyin Binciken Lafiya na Amurka ya ajiye manya 20 a asibiti tsawon mako huɗu. Mako biyu aka ba su abincin masana'anta, irin wanda aka sarrafa har asalinsa ya ɓace, mako biyu kuma abincin da aka dafa daga ɗanyen kaya. An daidaita abin da aka ajiye musu ta fuskar sukari da mai da gishiri, aka ce kowa ya ci iya son ransa. A makonnin abincin masana'anta sun riƙa cin ƙarin kalori kimanin 500 a kullum ba da saninsu ba, suka ƙara kusan kilo guda. A ɗaya makonnin suka rage kusan haka. Manya ne waɗannan, masu hankalin kansu. To ina ga ɗan shekara takwas da aka zana wa zaki mai murmushi a jikin leda? Gado ma yana da nasa rabo, shi ya sa yara biyu za su ci abu ɗaya, ɗaya ya yi ƙiba ɗaya bai yi ba. Amma gadon ɗan Adam bai canja ba tsakanin 2000 da 2025, abin da ake sayarwa a ƙofar makaranta ne ya canja.

Saboda haka tsokanar yaro mai ƙiba, da kiransa buhu ko tulu, da hana shi abinci a gaban 'yan'uwansa, zalunci ne kuma ba ya magani. A ɗaya ɓangaren kuma al'adarmu tana yaba abin da ya kamata ta duba. Idan aka ce yaro ya yi ɓulɓul, yabo ne ga uwarsa; idan budurwa ba ta cika ido ba, har magungunan da ake kira sha-ka-fashe ake saya mata a kemis gabanin biki, waɗanda wasunsu ke kumbura jiki su lalata shi. Ana kuma cewa ƙibar yarinta ce, zai zube in ya girma. Binciken da ya tattara nazarce-nazarce masu yawa a 2016 ya nuna fiye da rabin yara masu ƙiba suna shiga balaga da ita, kuma kimanin kashi 80 cikin ɗari na matasa masu ƙiba suna zama manya masu ƙiba. Wani lokaci jikin yakan yi magana tun da wuri. Baƙin da ke fitowa a bayan wuyan yaro da hamatarsa, mai kauri kamar karan-miski, wanda uwa ke ta dirza da soso tana zaton dauɗa ce, sau da yawa alama ce ta cewa jiki ya fara ƙin jin sinadarin insulin, matakin da ke gaban ciwon sukari. Munshari mai ƙarfi da gyangyaɗi a aji ma abin kai wa likita ne.

Mu koma Chile, mu ga abin da suka yi da suka farga. Wani ɗan majalisar dattawa, Guido Girardi, shi ma likita, tare da masanin abinci Ricardo Uauy, suka kwashe shekaru suna fafatawa da kamfanoni kafin a zartar da doka a 2012, kuma ba ta fara aiki ba sai a Yunin 2016. Dokar ta ce duk abincin leda ko na kwalba da sukarinsa ko gishirinsa ko kitsensa ko kalorinsa ya haura iyaka, sai an buga masa baƙin tambari mai kusurwa takwas a gabansa, ɗauke da gargaɗin cewa abu kaza ya yi yawa. A matakin ƙarshe na dokar, a 2019, iyakar sukari ta zama giram 10 a cikin giram 100 na abin ci, da giram 5 a cikin mililita 100 na abin sha. Duk abin da ya samu tambari ko da ɗaya ne, ba a sayar da shi a makaranta, ba a tallata shi ga 'yan ƙasa da shekara 14, ba a sa masa hoton zane ko kyautar abin wasa. Damisar nan ta kwalin hatsin karin kumallo ta ɓace daga kantuna, ƙwan cakulan mai abin wasa a ciki aka hana shi. Binciken da aka wallafa a 2020 ya gano sayen abubuwan sha masu tambarin ya ragu da kusan kashi 24 cikin ɗari. Kamfanoni da yawa suka rage sukarin kayansu don su kauce wa tambarin, ko da yake wasu sun maye gurbinsa da sinadaran zaƙi. Peru da Meziko da Ajantina suka bi sahu.

Sai dai adadin yara masu ƙiba a Chile bai faɗo ba tukuna, kashi 27 ɗin nan na bayan dokar ne. Masu adawa da irin wannan doka sukan kafa hujja da haka. Ni abin da na karanta a ciki daban ne: ƙasar da ke da doka mai tsauri irin wannan ta iya canja abin da mutane ke saya cikin shekara biyu, amma ta kasa sauke nauyin da aka shekara talatin ana tarawa. Sun zo a makare. Mu kuwa har yanzu muna da ɗan lokacin da su suka rasa, kuma ba a fafe gora ranar tafiya.

Abin da muka yi zuwa yanzu bai taka kara ya karya ba. Dokar kuɗi ta 2021 ta sa harajin naira 10 a kan kowace litar lemon zaƙi a Najeriya, aka fara karɓa a 2022. Naira biyar ke nan a kan kwalbar rabin lita, kuɗin da yau ko ruwan leda ba zai saya ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce sai haraji ya ɗaga farashi da kimanin kashi 20 cikin ɗari kafin a ga tasirinsa sosai, kuma Gana ta sa nata a kashi 20 ɗin a 2023. Amma a ganina tambarin ya fi harajin dacewa da mu. Bayanin da ke bayan leda a yanzu an rubuta shi da Turanci, da ƙananan baƙaƙe, da lissafin da ko mai digiri sai ya tsaya ya yi tunani. Baƙin tambari kuwa uwar da ba ta yi boko ba za ta gane shi daga nesa, haka ɗanta ɗan aji ɗaya. Wannan aikin NAFDAC ne da Majalisar Tarayya.

Za a ce hana sayar da kayan zaƙi a makaranta zai taɓa abincin matan da ke zama a bakin ƙofa da farantansu. Hujja ce mai nauyi, amma a tuna abin da ke kan farantan nan kafin ledoji su mamaye su: ɗanwake, dafaffen ƙwai, gyaɗa, rogo da ƙuli-ƙuli, kwaɗon zogale, alale, goruba, yalo, mangwaro a lokacinsa. Ribar waɗannan tana tsayawa a hannun mai dafawa da manomin da ya noma, ribar biskit kuwa yawancinta tana wucewa zuwa kamfani. Dokar da ta fitar da leda ta bar faranti, matan nan za ta amfana, in dai an haɗa da kula da tsabta. Zoɓo da kunun aya ma sai an dube su, domin yadda ake zuba musu sukari a yanzu ba su bar wa lemon kwalba komai ba.

Yawancin wannan bai jira Abuja ba. A cikin masu karanta wannan shafi akwai masu makarantu, da shugabannin ƙungiyoyin iyaye da malamai, da jami'an ma'aikatun ilimi da ke sa hannu a takardar amincewa da makarantar da ba ta da ko taƙin fili. Mai makaranta zai iya yanke hukunci a taron farkon zango cewa ruwa kaɗai ake shigowa da shi a gora, kuma doka ce a kan kowa, don kada ɗan wani ya ga an ware shi. Zai iya mayar da darasin motsa jiki cikin jadawali, har da na 'yan mata a wurin da ya dace da su. Sikeli guda da tef ɗin awo guda sun isa a auna kowane ɗalibi sau ɗaya a zango, a keɓe ba a gaban aji ba, a rubuta a katinsa kusa da makin lissafi. Awon nan ɗaya zai nuna wanda nauyinsa ke hawa fiye da tsawonsa, ya kuma nuna wanda ke zuwa makaranta bai karya ba, kuma a makarantu da yawa za a same su zaune a benci ɗaya.